Ɗaurin Fulogi: Yadda Na Kashe Tiredin Motar Babanmu Ana Gobe Ɗaurin Aure

Yau ba zancen waya zan yi ba, duk da cewa gyaran waya ne sana'ata, da ita nake ci nake sha. Zancen fulogi ne, na mota da na janareto da na babur. Kada ka ce ina ruwan mai gyaran waya da fulogi, bari ka ji yadda ta kaya da ni tukunna.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafi. Ƙaramin aikin da a da za ka miƙa wa bakanike ba tare da tunani ba, yanzu sai ka buɗe YouTube ka duba ko za ka iya da kanka. Ni ma haka na koma. Babanmu yana da tsohuwar Golf 3, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Gidanmu cikin lungu yake ta wajen Mandawari, mota ba ta shiga, a bakin titi take kwana. Duk abin da za a yi mata a idon jama'a ake yi, ga mai shayi, ga 'yan majalisa, kowa da shawararsa.

Satin bikin ƙanwata motar ta fara jijjiga idan tana silo, tana kuma shan mai fiye da ƙa'ida. Baba ya ce zai kai ta gareji bayan biki. Ni kuma na ce, “Baba, ai fulogi ne kawai, ka bar mini.” Abin da ke raina shi ne, mutumin da yake ɗaga aysi daga kan fanel ɗin waya a ƙarƙashin madubi, abin da bai kai ƙwayar gero ba, ai fulogi wasan yara ne a wajensa. Ranar Alhamis da rana na je Ƙofar Ruwa na sayo guda huɗu, na aro sifanar fulogi a wajen wani mai faci.

Baba ya dawo daga cefanen biki bayan la'asar, ko minti goma injin bai yi da mutuwa ba na ɗaga bonet. Na farko ya ƙi kwantuwa, sai wani daga majalisa ya miƙo mini guntun fayif ya ce in zura a hannun sifanar. Ya kwantu kuwa. Daga nan ban ƙara cire fayif ɗin ba, da shi na kwance, da shi na ɗaure. Biyu sun shiga lafiya. Na ukun, saboda zafin injin yana ƙona mini yatsu, ban kama shi da hannu ba, na sa shi a bakin sifana na fara juyawa. Tun zagaye na biyu ya yi tauri. Na ce datti ne, na ƙara ƙarfi. Ya ci gaba da shiga da ƙyar har ya zauna, na ce bari in ƙara masa kaɗan don kada ya kwance a hanya. Sai kawai na ji hannuna ya tafi sululu.

Duk mai gyaran waya ya san wannan laushin. Shi ne wanda kake ji idan notin waya ya cinye gidansa, yana ta juyawa ba ya kamawa. Na san abin da ya faru a take. Amma ga mutane tsaye a kaina, ana ta ce mini injiniya. Sai na yi shiru, na ɗaura na huɗun, na mayar da wayoyi, na tayar da mota. Ta tashi lafiya lau, jijjigar ma ta ɓace. Baba ya sa mini albarka. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, amma ban faɗa ba.

Washegari Juma'a da sassafe ya tafi Bichi ɗauko gwaggonninmu. A hanyar dawowa, daidai Dawanau, fulogin ya yi tsalle ya fito daga raminsa, yana reto a jikin wayarsa, injin yana ƙara fat-fat-fat kamar ana harbi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara. Bai yi faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, “Kai, jiya da ka ɗaura abin nan, ka ji wani abu?” Na ce na ji, Baba. Ya ce, “To.” Ya kashe. Wannan “to” ɗin ta fi mari ciwo. Tsofaffi uku da ƙullin kayansu a Adaidaita Sahu suka ƙaraso, shi kuma da ƙyar ya riski ɗaurin auren 'yarsa bayan an sauko daga masallaci, babbar rigarsa da tabon baƙin mai a hannu.

Bayan biki aka jawo motar zuwa wajen wani dattijon bakanike da ya daɗe yana duba ta. Ya haska ramin da fitilar wayata, ya zura ɗan yatsa ya fito da wasu siraran zarurruka masu ƙyalli kamar gashin azurfa. Ya ce, “Samari, ga tiredinka nan.” Tiredi shi ne haƙoran nan da suka nannaɗe jikin fulogi da cikin raminsa. Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa. Ya ce, “In yaronka ya ɗaure notin wayar mutane da fayif, me za ka yi masa?” Ban da amsa. Dole aka sauke tof, wato murfin saman injin, aka kai wa masu aikin ƙarfe suka faɗaɗa ramin suka dasa wani zobe mai tiredi ciki da waje, aka sayi sabon gaskit. Kwana uku mota tana gareji. Kuɗin da na biya daga jarin shagona ya kai na sikirin biyu masu kyau, a kan aikin da bakanike zai yi mini da kuɗin shan ruwa.

To daga nan ne na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na karanta abin da masu ƙera fulogin da kansu suka rubuta. Ga abin da na fahimta, kuma yanzu da shi nake aiki a motar da janareton shago da babur ɗina.

Jikin fulogi ƙarfe ne mai tauri. Tof ɗin yawancin motocin da ke yawo a Kano, da kusan duk babura da ƙananan janareto, alminiyam ne, irin dangin ƙarfen tukunyar da ake zubawa. Idan aka yi kokawa tsakanin su biyu, ba fulogin ne zai ji jiki ba, ramin ne. Fulogi kuɗinsa kaɗan ne, ramin kuwa a jikin inji yake. Shi ya sa ba a son taɓa fulogi inji da zafi. Zafi yana sa alminiyam ya buɗe kusan ninki biyu na yadda ƙarfe yake buɗewa, tiredinsa kuma ya fi saurin yagewa, sannan ɗaurin da ka yi da zafi ba shi ne zai zauna ba idan ya huce. Ka bari sai ka iya ɗora tafin hannunka a kan injin ka bar shi ba tare da ka janye ba. Mafi sauƙi, ka yi aikin da safe kafin a tayar da motar.

Kafin ka kwance komai, ɗauki wayarka ka yi wa injin hoto, yadda wayoyin fulogi suke a jere. Kowace waya da ramin da take zuwa, in ka musanya biyu mota za ta yi ta tari ko ta ƙi tashi. Ni dai ɗaya bayan ɗaya nake yi, sai na gama da na farko na mayar da wayarsa sannan in taɓa na biyu. Kuma ka ja hular robar, ba wayar kanta ba. Sannan ka hure ƙurar da ta taru a gindin fulogin kafin ka fitar da shi, musamman lokacin hunturu da garin nan yake cika da ƙura. Duk yashin da ka bari, cikin silinda zai faɗa ko ya maƙale a tiredi. Ɗan abin hura iskar da muke share fanel da shi da tsohon buroshin haƙori sun isa.

Sai batun sayen wanda ya dace, kuma a nan ne sana'ata ta taimaka mini na gane da wuri. A iPhone 5s da iPhone 6 akwai wani ɗan faranti da yake danne igiyoyin sikirin, notocinsa a ido duk ɗaya ne, amma tsawonsu ya bambanta da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Ka sa dogon a gidan gajere, ya huda fanel ya yanke hanyoyin wuta da ke ƙarƙashi, waya ta mutu ko sikirin ya ƙi kawowa. Yara da yawa sun kashe wayoyin mutane ta haka. Fulogi ma haka yake. Dogo a ramin gajere zai iya taɓo fistin. Gajere a ramin dogo kuma yana barin tiredin ƙasa a buɗe, baƙin hayaƙi ya cike shi, ranar da ka kawo na daidai ya ƙi shiga. Lambobin da ke jikin farin tangaran ɗin ba ado ba ne. A na kamfanin NGK misali, harafin farko kaurin tiredi yake nufi: B milimita 14, D milimita 12, C milimita 10. Harafin da ke bayan lamba kuma tsawo ne: E milimita 19, H milimita 12.7. Ka ga BPR6ES da ake sa wa janareto mai injin Honda GX160 ba ɗaya yake da C7HSA na ƙananan babura ba. Ka rubuta sunan motarka da shekararta da girman injinta a intanet ka ga lambar da aka ce, ko kuma ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu, ka jera su gefe da gefe kafin ka ba da kuɗi. Ka duba rubutun kwalin da tsaftar aikin tiredin ma, don jabu sun yi yawa, kamar dai caja da batir.

Yanzu ga inda na faɗi. Fulogi da yatsu ake fara ɗaura shi, ba da sifana ba. Ka sa shi a bakin ramin a hankali, kada ka sake shi ya faɗa, don faɗuwar tana matse tazarar bakinsa ko ta tsaga tangaran. Ka ɗan juya shi baya, wato hagu, har ka ji ya yi ɗan ƙas ya zauna, sannan ka fara juyawa dama. Wannan dabarar kullum ina yin ta a notin waya mai gidan roba, amma ranar nan ban tuna ba. Idan ramin mai zurfi ne yatsu ba sa kaiwa, ka cire hannun sifanar ka juya sandar kawai da yatsunka, ko ka samu guntun tiyo na roba ka cusa kan fulogin a ciki ka juya da shi. Amfanin tiyo shi ne, idan fulogin ya hau a karkace, tiyon zai zame maimakon ya ci tiredi. Fulogin da ya hau daidai zai yi ta tafiya da yatsu zagaye da yawa har ya zauna. In ya yi tauri tun zagaye na ɗaya ko na biyu, tsaya. Fito da shi, duba, share, sake gwadawa. Taurin farko ba alamar ɗauruwa ba ce, alamar ya hau ba daidai ba ce.

Bayan ya zauna da hannu, saura nawa za ka ƙara da sifana? Akwai sifana mai awo, wadda kake saita ta a kan lamba, idan ƙarfin ya kai ta yi ƙas ta sanar da kai. Ma'aunin ana rubuta shi Nm. Fulogi mai kaurin milimita 14 mai wosha, a tof na alminiyam, NGK ta ce tsakanin 25 zuwa 30. Mai 12 tsakanin 15 zuwa 20. Mai 10, irin na ƙananan babura, 10 zuwa 12 kacal. In littafin motarka ya faɗi wata lamba daban, tasa za ka bi.

Don ka gane ƙanƙantar abin, 25 ɗin nan a sifana mai hannun santimita 25, wato ɗan fiye da taƙi ɗaya, daidai yake da ka rataya jarkar ruwa mai lita 10 a ƙarshen hannun. Shi kenan. Yaro ɗan firamare yana ɗaukarta. Amma da ka zura fayif mai tsawon mita ɗaya, wannan ƙarfin dai ya zama 100, ninki huɗu. Ni kuwa ba nauyin jarka na sa ba, kafaɗa na sa. Ka ga ba ƙaddara kaɗai ba ce, da ganganci.

Na san ba kowa ne zai sayi sifana mai awo saboda fulogi huɗu ba, ko a gareji ma ba ko'ina za ka gan ta ba. To akwai hanyar zagaye, kuma ita ce aka zana a bayan kwalaye da yawa, sai dai ba ma dubawa. Ka ɗauka hannun sifanarka hannun agogo ne, ka tsayar da shi a kan 12 bayan fulogin ya zauna da yatsu. Sabon fulogi mai milimita 14 mai wosha, a lissafin NGK, daga 12 za ka kai shi 6, iyakarsa 8. Wato rabin zagaye zuwa biyu bisa uku. Bosch kuma a nasu suna cewa kwata, daga 12 zuwa 3, shi ya sa nake cewa ka duba kwalin da ke hannunka. Abin da kake yi a wannan juyin shi ne matse woshar nan da ke gindin tiredi. Ita ba a cike take ba, an yi ta ne don ta lotse sau ɗaya ta toshe iska. Za ka ji tana lotsewa da laushi-laushi, sannan hannu ya yi tauri. Inda ya yi taurin nan ne wurin tsayawa. “Bari in ƙara kaɗan” ita ce ta kai ni gareji.

Fulogin da aka taɓa ɗaurawa kuwa lissafinsa daban, kuma nan ne masu janareto suke cutar kansu. Woshar ta riga ta lotse, ba ta da sauran inda za ta je. Daga 12 zuwa 1 ya isa. Littafin janareton Honda ya ba da ɗaya bisa takwas zuwa kwatan zagaye ga tsohon fulogi, rabi ga sabo. Amma dubi yadda muke yi a shaguna: an ɗauke wuta, ƙaramin janareto ya ƙi tashi, a kwance fulogi da zafinsa, a kankare, a ɗiga masa fetur, a mayar a murɗe iya ƙarfi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Wata biyu sai ka ji an ce janareton ya ci tiredi, ai kayan yanzu ba su da kyau. Wani lokacin ba laifin kayan ba ne. Akwai kuma wani nau'in fulogi da ba shi da wosha sam, gindinsa a fiƙe yake kamar mazurari, ana samunsa a wasu motocin Amurka. Shi ko sabo ne ko tsoho, ɗaya bisa goma sha shida ne, bai ma kai 1 a agogon ba.

Kada kuma tsoron labarina ya sa ka bar shi sakwa-sakwa, shi ma matsala ne. Yawancin zafin da bakin fulogi yake ɗauka ta gindinsa da tiredinsa yake bi ya shiga jikin tof. In bai zauna daram ba, zafin ya rasa hanya, bakin ya yi ja har ya riƙa kunna mai kafin lokacinsa, abin da kan iya ƙona fistin. Ga iska tana tsiyaya, ga jijjiga tana cin tiredin a hankali har wata rana shi ma ya yi tsalle. Matsewa fiye da kima kuma, ko ramin bai mutu ba, tana miƙar da jikin fulogin, ta tsaga tangaran daga ciki, ko ya karye rabi ya bar maka rabi a rami.

Wani abu da na ga ana yi, har ni an ba ni shawararsa: a shafa wa tiredin baƙin mai ko giris wai don ya yi sauƙin fita nan gaba. NGK ta ce kada a shafa wa nata komai, domin an riga an yi masa rufin da ke hana shi kamewa. Maiƙo yana rage gogayya, sai hannunka ya ji kamar bai ɗauru ba alhali ya wuce, ko sifana mai awon ma sai ta yaudare ka. A bushe, a tsaftace.

In kuma tsohon ne ya ƙi fita, kamar yadda na farkona ya yi, fayif ba shi ne magani ba. Ka tabbata injin ya huce, ka fesa man sassauta tsatsa ka ba shi lokaci, ka kwance kaɗan ka mayar kaɗan, kana yi kana ƙarawa. In ya ƙi, rufe bonet ka kira bakanike. Ba na raina masu gareji, dattijon nan ba shi da sifana mai awo amma na tsaya na kalli yadda ya ɗaura huɗun bayan an mayar da tof: da yatsu har ƙasa, sannan ya riƙe sifanar kusa da wuyanta da hannu ɗaya, ya juya kamar mai rufe famfo. Awon yana hannunsa, shekaru ne suka sa masa. Ni da kai da muke koyo daga waya ba mu da wannan, shi ya sa agogon nan yake mana amfani.

In tsautsayi ya riga ya faɗa maka ka ji laushin da na ji, kada ka tayar da injin ka yi fatan alheri. Ka faɗa wa mai motar a take. Tiredin da ya fara lalacewa ana iya gyara shi tun yana wurin, wani lokacin ba sai an sauke tof ba. Da na yi magana ranar Alhamis da yamma, da an nemi wata motar an aika Bichi, kunyar ta tsaya tsakanina da 'yan majalisa.

Motar tana nan tana aiki, zoben da aka dasa bai taɓa motsi ba. Da lokacin canjin fulogi ya sake zagayowa, ban ce komai ba, na ɗauka an gama ba ni amana. Ranar wata Asabar bayan sallar asuba sai ga Baba ya ajiye mini leda a kan tabarma, guda huɗu a ciki da mukullin mota. Ya ce, “Injin ya kwana a sanyi. Fayif ɗin kuma na ba masu gwangwan.”